Lahor da Amritsar: harshe ɗaya, iyaka a tsakani

Neman kayan keke ne ya kai ni Ludiyana, a jihar Panjab ta ƙasar Indiya, cikin watan Nuwamba na 2018. Da na gama cinikina sai na nufi Amritsar, domin akwai bizar Pakistan a fasfona, kuma daga nan zuwa Lahor tafiyar kilomita 50 ce kawai, ba ta kai nisan Maraɗi da Katsina ba. Mai masaukina, wani dattijo mabiyin addinin Sikh mai babban rawani, da ya ji inda za ni sai ya yi shiru, can ya ce mini a Lahor aka haifi mahaifinsa, a kasuwar Shah Alami yake da kanti, amma shi bai taɓa ganin garin ba. Ya roƙe ni in ɗauko masa hoton wurin.

Ƙauyen iyaka na ɓangaren Indiya sunansa Atari, na Pakistan kuma Waga. Da ƙafa na ƙetare, ina jan jakata, bayan ƴan duwan na kowane gefe sun zazzage ta. Da la'asar a nan ne ake bikin sauke tutoci, wanda aka soma tun 1959: sojojin ƙasashen biyu suna ɗaga ƙafa har kusa da goshi, suna zare wa juna ido, jama'a na kowane gefe suna kururuwa, a wancan lokaci kuma daga ƙarshe sai a rufe ƙofofi. Wasu suna ɗaukar abin wasa ne. Ni dai bai ba ni dariya ba.

Wajibi ne masu karatu su san yadda wannan iyaka ta samu. Ma'anar Panjab ita ce ƙasar koguna biyar, kuma lardi ɗaya ce a zamanin mulkin Turawan Ingila, Lahor ce babban birninta. A 1947, da za a raba Indiya da Pakistan, sai aka ɗauko wani lauya daga Ingila, Cyril Radcliffe, wanda bai taɓa zuwa ƙasar ba, aka ba shi kamar mako biyar ya ja layi. Ba a bayyana layin ba sai ran 17 ga Agusta, bayan an riga an yi bikin ƴancin kai. Musulmi suka kwarara yamma, Hindu da Sikh suka kwarara gabas. Fiye da mutum miliyan 10 ne suka bar gidajensu a faɗin ƙasashen biyu, waɗanda aka kashe kuwa masana suna ƙiyasta su daga dubu 200 har zuwa miliyan 2, kuma a Panjab ne jini ya fi zuba. Kafin wannan shekara kusan rabin mutanen Amritsar musulmi ne, Lahor kuma kamar kashi ɗaya cikin uku na mazaunanta Hindu ne da Sikh.

Abin da ya fara ba ni mamaki a Lahor shi ne kunnena bai ji canji ba. Ƴan kalmomin da na tsinta a Ludiyana, na gaisuwa da na taya farashi, da su na yi ciniki a kasuwar Anarkali. Ganga iri ɗaya ake kaɗawa a biki. Da sanyi ya shigo, ganyen mustad dafaffe da gurasar masara ake ci nan da can, a kora da lasi, wato kindirmo da aka kaɗa, wanda duk Bahaushen da ya saba da hura da nono ba zai yi masa baƙunta ba. Na ga gidajen abinci da aka rubuta wa "Amritsari" a ƙofa, na jikokin waɗanda suka yi hijira. A Amritsar kuma har yau akwai ƙofar gari da ake kira Ƙofar Lahor.

Tarihin ma a cakuɗe yake. Masallacin Badshahi, wanda Sarki Aurangzeb ya kammala a 1673, yana da fili mai ɗaukar dubban masallata. Ina fitowa daga sallar azahar sai ga hubbaren Ranjit Singh dab da bangonsa, shi ne sarkin Sikh da ya ci Lahor a 1799 ya mai da ita gidan sarautarsa har ya rasu a 1839. Guru Nanak, wanda ya kafa addinin Sikh, an haife shi a 1469 a garin da ake kira Nankana Sahib yanzu, kuma ya rasu a Kartarpur. Dukkansu suna cikin Pakistan. Littafi mai tsarki na Sikh kuwa yana ɗauke da waƙoƙin Baba Farid, waliyyin musulmi da kabarinsa yake Pakpattan. Kowa ya bar wa ɗan'uwansa ajiya a ɗaya gefen.

Sai dai akwai inda rabuwar ta yi zurfi, kuma mu da muka san ajami da boko za mu fi kowa fahimta. A Indiya ana rubuta harshen Panjabi da baƙaƙen Gurmuki, daga hagu zuwa dama, kuma shi ne harshen hukuma a jihar. A Pakistan da baƙaƙen Larabci ake rubuta shi, ana ce musu Shamuki, amma makaranta da ofis na Urdu ne da Ingilishi, ko da yake babu harshen da ya kai Panjabi yawan masu jin sa a ƙasar. Na ga iyaye a Lahor suna hira da juna da Panjabi, su juya ga yaransu da Urdu. A ganina wannan ya fi waya mai ƙaya illa, domin waya ana iya cire ta a yini ɗaya.

Ga ƴan kasuwa kuma ga lissafi. Lokacin da na ratsa, manyan motoci suna jere a Atari da siminti da gishirin dutse na Pakistan, da busassun ƴaƴan itace na Afganistan. A Agustan 2019 rikicin Kashmir ya tsai da cinikin ƙasashen biyu, da jirgin ƙasa na Samjhauta da ke aiki tun 1976, da bas ɗin Delhi zuwa Lahor da aka buɗe a 1999. Kayan da za su yi tafiyar awa biyu sai su bi ta Dubai, mai saye ya biya kuɗin jirgin ruwa da ladar dillali. A Afrilun 2025, bayan harin Pahalgam, an rufe ƙofar Atari ga matafiya. Wanda kayansa suka kwana a Ɗan Isa ko Jibiya lokacin da Najeriya ta rufe iyaka a 2019, ko a 2023, ya san ɗanɗanon abin. Bambancin shi ne mu na watanni muka gani, su kuwa tun 1947 suke buɗewa suna rufewa.

Ranar da zan bar Lahor na je Shah Alami. Tsohuwar unguwar ta ƙone a tarzomar 1947, yanzu kasuwar sari ce, cike da kayan roba da na lantarki da ƴan dako. Na ɗauki hoton layin kantuna na aika wa dattijon ta WhatsApp. Ya yi godiya ƙwarai, sa'an nan ya tambaye ni abin da aka rubuta a allunan. Mahaifinsa, in ji shi, da Urdu ya yi makaranta, zai karanta su duka, amma shi ko baƙi ɗaya bai gane ba. Sai da na tsai da wani yaron kanti ya karanta masa su da murya, ɗaya bayan ɗaya.