Shugabancin Gayya: Darasi daga Gonakin Funtuwa da Malumfashi

 Shirinmu na musamman a yau ya nufi kudancin Jihar Katsina, ƙasar auduga da masara da dawa, tun daga Funtuwa da Bakori da Ɗanja har Ƙafur da Malumfashi. Za mu duba irin shugaban da manoma ke bi da zuciya ɗaya.

Mu fara da gayya. Idan ciyawa ta fi ƙarfin mutum, yakan kai goro wurin Sarkin Noma. Shi kuma kafin ya sa rana, sai ya ji ta bakin dattawa da samari, a duba gonar da ta fi matsuwa. Ranar aiki shi ne a gaba da fartanyarsa. Makaɗa na zuga, mata sun kawo fura da tuwo, kowa ya kama kunyarsa. Wanda ya riga gamawa ya juyo ya tarbi na baya. Da wuya a ji gardama, domin da kowa aka yanke shawara, kuma kowa ya san wata rana gonarsa za a shiga.

Sai mu kwatanta wannan da wani salon jagoranci na daban. A shekarar 1975 aka buɗe shirin bunƙasa aikin gona na Funtuwa da rancen Bankin Duniya, ɗaya daga cikin ukun farko a Najeriya, tare da na Gusau da na Gombe. An yi hanyoyin karkara da madatsun ruwa, an kafa cibiyoyin sayar da taki da iri, an tura malaman gona ƙauyuka. An amfana ƙwarai. Sai dai masu nazari da dama sun koka cewa daga ofis aka tsara aikin, kuma manyan manoma suka fi cin moriyarsa. Ƙaramin manomi da ke haɗa dawa da gero da wake a gona ɗaya don gudun asara, an fi ba shi umarni a kan a ji ta bakinsa.

Yau ga ƙungiyoyin manoma a kusan kowane gari, ga tsadar taki, ga matsalar tsaro da ta raba wasu mutanen Faskari da Sabuwa da gonakinsu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Shugaban ƙungiya nagari yakan karanta lissafin kuɗi a gaban kowa. Idan taki ya zo, sai mai ƙaramar gona ya karɓa kafin shi ya ɗauki nasa. Yakan ba mata da matasa aiki da ikon yanke hukunci a kai. Kafin a kai masara kasuwar Ɗandume, da 'yan ƙungiya ake tsayar da farashi. Idan wa'adinsa ya cika, ya sauka ya taya magajinsa.

Don haka, 'yan'uwa manoma, a taronku na gaba ku nemi a buɗe littafin lissafi, ku kuma tambayi wa aka shawarta kafin a yi rabo. Haƙƙinku ne, kuma shugaba mai gaskiya zai yi murna da tambayar.

Allah Ya ba mu damina mai albarka. Sai mun sake haɗuwa, a huta lafiya.