Ƙwallon kwando: Yaushe alƙalin wasa zai iya gyara kuskurensa?

A wasan ƙwallon kwando maki ɗaya kan raba gardama, shi ya sa Hukumar Ƙwallon Kwando ta Duniya, FIBA, ta ware sashe na 44 na dokokinta domin kurakuran da za a iya gyarawa.

Da dama daga cikinsu sun shafi jifan kyauta ne, wato jifan da ake bai wa ɗan wasan da aka yi wa ƙeta, ya jefa ba mai tare shi. Kowane jifa da ya shiga maki ɗaya ne.

Abin da ake gyarawa

Idan aka ba da jifan da bai cancanta ba, ana soke shi. Idan kuma aka hana wanda ya cancanta, ana bayar da shi.

Idan wani ɗan wasa ya yi jifan a madadin wanda aka yi wa ƙeta, ana soke jifan, a miƙa ƙwallo ga abokan hamayya.

Sai dai gyaran ba ya shafe abin da ya biyo baya. Makin da aka ci da lokacin da aka cinye kafin a gano kuskuren suna nan daram.

Haka kuma akwai wa'adi. Da zarar babban alƙali ya sa hannu a takardar sakamako, to bakin alƙalami ya bushe.

Darasin Munich

Wasan ƙarshe na gasar Olympics ta 1972 a Munich ya nuna illar gyaran da ba shi da iyaka.

Saura daƙiƙa uku a tashi, Doug Collins ya ci wa Amurka jifa biyu, ta shiga gaban Tarayyar Sobiyet da 50 da 49.

'Yan Sobiyet suka ce sun nemi a tsayar da wasa ba a saurare su ba. Sakataren FIBA, William Jones, wanda ba alƙalin wasan ba ne, ya sa aka mai da agogo baya.

A karo na uku da aka sako ƙwallo, Alexander Belov ya jefa ta a kwando, aka tashi 51 da 50.

Kwamitin ɗaukaka ƙara ya yi watsi da koken Amurka da ƙuri'a uku da biyu, 'yan wasanta kuma suka ƙi karɓar lambobin azurfarsu.