Bakin ɗalibi da iyakarsa a jami'o'in Taraba

Keken da ke ɗaukar ɗalibai daga Mayo Gwoi zuwa Jami'ar Jihar Taraba yakan haɗa Mumuye da Jukun da Bafulatani a kujera guda, Batibi na gaba kusa da direba. Kafin a isa an yi musun ƙwallo, an caccaki gwamnati, an taɓa barkwancin nan na Fulani da Tibi kan saniyar da aka ce an cinye. Ba mai fushi. Amma irin wannan zolaya, in ta faɗa zauren WhatsApp na aji inda ba a ganin murmushin mai maganar, tana iya zama fitina.

Kundin tsarin mulki na 1999 ya ba kowa 'yancin faɗar albarkacin baki a sashe na 39, sashe na 42 ya hana nuna wa ɗan ƙasa wariya saboda ƙabila ko addini, na 45 kuma ya yarda a taƙaita 'yancin don zaman lafiya da haƙƙin wasu. A takarda komai ya zauna daidai.

A aikace kuwa, sandar kan sauka inda bai kamata ba. A Nuwamban 2022 aka kama Aminu Adamu, ɗalibin Jami'ar Tarayya ta Dutse, saboda rubutun da ya yi a Twitter kan Aisha Buhari, uwargidan shugaban ƙasa na lokacin, sai da ƙasa ta ɗauki zafi aka janye ƙarar. Wata shida kafin nan, a Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari da ke Sakkwato, wani saƙon murya ya kai ga kashe ɗaliba Deborah Samuel, ba kotu ba shari'a. Mu ma a nan mun gani: a 2019 rikicin Jukun da Tibi ya sa aka rufe Jami'ar Tarayya ta Wukari, gwamnatin Binuwai ta kwashe ɗalibanta.

Ni dai a ganina, sukar mai mulki ko ƙorafi kan kuɗin makaranta ba aikin kwamitin ladabtarwa na jami'a ba ne. Aikinsa shi ne hukunta wanda ya ce wa ɗan ajinsu nan ba garinku ba ne, ko malamin da ke duba sunan ɗalibi kafin ya ba da maki. Irin waɗannan ƙararrakin ba su cika isa gaban kwamiti ba, domin wanda aka yi wa yakan ji tsoron a kayar da shi a jarrabawa.