Yadda Ake Fitar da Tabo a Jikin Mota Ba Tare da An Ci Fenti Ba

Da zarar hunturu ya kama, motocin Kano da Katsina da Damagaram sukan wayi gari furu-furu da ƙura. Mai mota yana sauri, sai ya ɗauki busasshen tsumma ya share. Daga nan ɓarna take farawa. Kaso mai yawa na wannan ƙura iska ce ke kwaso ta daga kwarin Bodele a arewacin Chadi, inda wani tsohon tafki ya ƙafe, kuma cike take da ƙananan ƙwayoyi masu kaifi. Share ta a bushe tamkar bin mota da samfefa ne.

Fentin motar zamani hawa-hawa ne. Akwai shafen farko da ke kama ƙarfe, sai launi, sannan shafen sama marar launi, wanda ke ba mota sheƙi, yake kuma tare zafin rana. Kaurinsa yakan kai wajen maikuron 40 zuwa 50, wato bai kai na silin gashi ba. In ya zaizaye, launi ya dushe, ba sauran magani sai a kai wa mai fenti. Shi ya sa sau da yawa hannun mai gogewa yakan fi tabon ɓarna.

Kashin tsuntsu da na jemage su ne suka fi damun masu ajiye mota a inuwar dalbejiya ko mangwaro. Kashin tsuntsu yana da sinadari mai ci, kuma rana tana ƙara masa ƙarfi: shafen sama yakan yi laushi da zafi, in ya huce da dare sai ya ƙame da shatin kashin a jikinsa. Kada a kankare. A jiƙa tsumma mai laushi da ruwa, a ɗora a kai na minti 5 zuwa 10, sannan a ɗage shi a hankali, domin akwai tsakuwa a cikin kashin.

Ƙaron wasu itatuwa ba ya jin ruwa. Sipirit da aka sirka da ruwa yana narkar da shi, a ɗiga a tsumma a riƙa dangwalawa. Kwaltar sabon titi da ke fantsama a ƙasan ƙofofi kuwa, akwai maganinta na musamman a shagunan kayan mota. In babu, ɗan kananzir yana yi, muddin an wanke wurin da sabulu nan take.

Sai farin tabon da ruwan burtsatse ke bari idan ya bushe a rana. Gishirin ƙasa ne da ke cikin ruwan. Ruwan khal rabi, ruwa rabi, yana sakinsa cikin minti ɗaya ko biyu, sai a ɗauraye. Wanki a inuwa, da tsane mota kafin ta bushe da kanta, suna hana shi fitowa tun farko.

Akwai abubuwan da bai kamata su kusanci fenti ba: tina, soson ƙarfe, da man birki, wanda in ya zuba ba a wanke da wuri ba yakan ɗaye fenti. Garin sabulun wanki irin su Omo, da masu wankin mota da yawa ke amfani da shi saboda araha, yana kwashe man kariyar da aka shafa, ya bar fenti tsirara. Sabulun mota na ruwa ya fi. Kowane magani kuma a fara gwada shi a wani lungu da ba a gani, kamar cikin bakin ƙofa.

In tabo ya fita amma shatinsa ya rage, a shafa farce a kai. Idan bai sarƙe ba, ɗan folish mai laushi zai baje shi, sai dai kowane gugan folish yana rage kaurin shafen, don haka ba a yawaita shi. Idan farce ya sarƙe, aikin mai fenti ne. Wurin da sipirit, kananzir ko khal ya taɓa kuwa, a sake shafa masa man kariya bayan ya bushe, sannan a riƙa bin motar gaba ɗaya da shi duk bayan wata biyu ko uku.