Balarabe Musa: Gwamnan da ya ci zaɓe, majalisa ta ci shi

In kana leƙa Facebook ko TikTok kwanakin nan, ka san babu kalmar da ta kai "haɗaka" tashe. Ko a teburin mai shayin layinmu a Tudun Jukun, da an idar da isha'i sai musu ya kaure. Rannan wani dattijo ya katse mu: "Ku yaran nan, kun san yadda aka yi da Balarabe kuwa?" Sai muka yi tsit.

Alhaji Abdulƙadir Balarabe Musa ɗan Kaya ne, an haife shi a 1936, kuma a nan Zariya ya yi makarantar midil, wadda yau muke kira Alhudahuda. Akanta ne ta fannin aiki. A 1979 ya tsaya takarar gwamnan tsohuwar jihar Kaduna, lokacin Katsina tana ciki, a jam'iyyar PRP ta Malam Aminu Kano, ya kayar da Lawal Kaita na NPN. Yana hawa ya soke haraji da jangali. Ka tambayi kakanka me wannan ke nufi ga talaka, zai ba ka labari har ka gaji.

To amma ga inda gizo ke saƙar. Jama'a sun ba PRP gwamna, amma mafi yawan kujerun majalisar jiha NPN ce ta kwashe. Balarabe ya ƙi raba muƙamai da su, su kuma duk sunayen kwamishinonin da ya aika sai su yi watsi da su. Ka ji fa, gwamna ya yi kusan shekara biyu babu kwamishina ko ɗaya!

Ƙawancen da ya ƙi yi a gida, ya je ya yi shi a waje. Shi da Abubakar Rimi na Kano suka shiga sahun gwamnoni tara masu ra'ayin sauyi, tare da biyar na UPN da biyu na GNPP. Uwar jam'iyya ba ta so haka ba, PRP ta dare gida biyu, Santsi da Taɓo. Abin lura, waɗancan gwamnonin ba su da ƙuri'a ko ɗaya a majalisar Kaduna. Ranar 23 ga Yunin 1981 aka tsige shi, gwamna na farko da aka yi wa haka a Najeriya. Mataimakinsa Abba Musa Rimi ya hau.

Wasu na cewa taurin kai ne ya ja masa. Ni dai ina ganin ko da ya sassauta, wanda ke riƙe da majalisa shi ke riƙe da wuƙa da nama. Bai daina ba kuwa: ya jagoranci CNPP, gamayyar jam'iyyun adawa, ya kuma nemi shugaban ƙasa a 2003, ya ci gaba da caccakar gwamnatoci har rasuwarsa a Nuwambar 2020.

Da na koma teburin shayin da wannan labari, sai na tambayi abokaina sunan mai wakiltarmu a majalisar jiha. Kowa ya zaro waya yana dubawa, har da ni mai tambayar. Kai fa, ka san naka?