Yaye da Sauka: Bikin Gama Karatu na Kurame da Makafi Masu Karatu Nesa da Gida a Kudancin Katsina

Kowace shekara, idan damina ta yi tsaka, makarantun Jihar Katsina sukan yi bikin sallamar 'yan ajin ƙarshe. A yawancinsu al'amarin ba shi da wuya, gama yaro a garinsu ya yi karatu, iyaye da maƙwabta kuwa da ƙafa za su tako su shaida. Amma akwai waɗansu 'yan makaranta da sha'aninsu ya bambanta, watau kurame da makafi, waɗanda ba su da makarantar da ta dace da su a gundumarsu, sai an ɗauke su an kai wani gari. Abin da wannan takarda ke nufin nunawa shi ne, bikin irin waɗannan yara yana da aiki biyu: sallama daga makaranta, da karɓa a gida. Na biyun ya fi nauyi, shi ne kuma aka fi bari a baya. Za a duba al'amarin ta kan kalmomi biyu na Hausa, yaye da sauka, domin kowace tana ɗauke da wata al'ada da za ta haska shi.

1. Inda makarantun suke

Kudancin Katsina ƙasa ce ta noma, ta auduga da masara da dawa. Ƙananan hukumomi 11 ne a shiyyar, cikin 34 na jihar duka: Funtua, Malumfashi, Bakori, Ɗanja, Kafur, Ƙanƙara, Faskari, Sabuwa, Dandume, Musawa da Matazu. Gwamnati tana da makarantar kurame a Malumfashi, tana kuma da ta makafi a birnin Katsina. Saboda haka kurman yaro daga Sabuwa ko Dandume sai ya ratsa gundumomi da dama kafin ya isa aji, makahon yaro daga Funtua kuwa tafiyar wajen kilomita 200 ke gabansa. Wanda ya tafi haka, kwana zai yi a can, sai hutu ya ga gida.

Wannan tsari na tara yara wuri guda daɗaɗɗe ne a Nijeriya. Mishan suka buɗe makarantar makafi a Gindiri, cikin Jihar Filato ta yanzu, a 1953. Andrew Foster, wani kurma baƙar fatan Amurka, ya kafa makarantar kurame a Ibadan a 1960. A 1977 aka buɗe ta Tudun Maliki a Kano, a shekarar ne kuma Manufar Ilimi ta Ƙasa ta keɓe wa ilimi na musamman sashensa. Dalilin tarawar a fili yake: malaman da suka iya maganar hannu ko rubutun makafi kaɗan ne, kayan aiki suna da tsada, yaran kuwa a warwatse suke, ɗaya a wannan ƙauye, biyu a wancan. Amma abin da aka samu ta wajen koyarwa, an biya shi da nisan yaro da mutanensa.

2. Yaye

Kalmar da ta fi yawo a bakin malamai da 'yan jarida ita ce "bikin yaye ɗalibai". Asalin yaye a Hausa shi ne raba yaro da nono, ma'anar makaranta daga baya ta zo. Aron ya yi daidai ƙwarai, domin an ɗauki makaranta a matsayin uwa, karatu a matsayin nono, ɗalibi kuma ya kai lokacin da zai ci tuwo da hannunsa.

Sai dai a duba yadda ake yayen a gargajiya. Idan yaro ya kusa shekara biyu, akan ɗauke shi daga ɗakin uwarsa a kai shi wurin kakarsa ko wata 'yar'uwa, malam ya yi masa rubutu ya sha, a dama masa kunu, a yi ta rarrashi har ya manta da nono. Abin lura a nan shi ne, ba a yaye yaro sai an shirya hannun da zai karɓe shi. Kaka ta san ranar, ta tanadi abin da zai ci, ta san kukansa. Yayen da ba mai karɓa, Bahaushe ba zai kira shi yaye ba, sai dai ya ce an yar da yaro.

Ɗalibin makarantar kurame an yaye shi sau biyu bayan na nono. Na fari, ran da aka raba shi da gida yana ƙarami aka kai shi Malumfashi. Na biyu, ran biki, sa'ad da za a raba shi da jama'ar da ya girma a cikinta, waɗanda da su ne yake iya hira da gardama da barkwanci ba tare da wahala ba. Ga ɗalibi mai ji, ranar yaye ranar komawa cikin masu harshensa ce. Ga kurma sau da yawa ranar rabuwa da su ce. Malamin da ya ga 'yan ajin ƙarshe sun yi jugum ran da ake murna, ya san dalili ke nan.

3. Sauka

Hausawa sun san karatu nesa da gida tun kafin zuwan boko. Almajiri yakan bar garinsu ya tafi Zariya ko Kano ko Gabas, ya yi shekaru. Idan ya sauke Alƙur'ani, akan yi masa zayyana a allo, a tara malamai da dangi, ya karanta Fatiha da farkon Baƙara a gabansu, a yi yanka, a yi walima. Sa'an nan ya ɗauki allonsa ya zaga gidajen 'yan'uwa, kowa ya gani, ya sa albarka, ya ba shi abin da ya sawwaƙa.

Abu uku ne ginshiƙin wannan al'ada. Na ɗaya, mai sauka shi ke magana, jama'a suna saurare. Na biyu, abin da ya koya ana gwada shi a idon mutane. Na uku, shaidar tana shiga gida gida, har wanda bai halarta ba ya sani. Daga ranar sunan yaro ya sake a unguwa, ana iya ba shi yara ya koya musu, ana iya ba shi mata. Makafi sun daɗe da samun rabonsu a nan, domin karatun allo ya dogara ga kunne da hadda, kuma makafi mahaddata ba baƙi ba ne a ƙasar Hausa. Kurma ne aka bari a waje, tun da yake saukar da murya ake yinta.

Idan aka auna bikin boko da wannan ma'auni, sai a ga giɓi. Tsarinsa kusan ɗaya ne ko'ina: addu'a, taken ƙasa, jawabin shugaban makaranta, jawabin babban baƙo, rabon kyaututtuka, ɗaukar hoto. Manya ke magana, ɗalibai na zaune. Sakamakon jarrabawar ƙarshe ma ba ya fitowa sai bayan watanni. Ga ɗan gari wannan ba wata hasara ba ce, gama mutanen unguwa sun ga tafiyarsa makaranta kullum safiya. Amma yaron da ya yi shekara shida ko goma sha biyu a wata gunduma, mutanen ƙauyensu ba su ga kome ba. Sun san an tafi da "beben gidan wane", sun ga ya dawo da tsawo. Idan ba a nuna musu abin da ya iya ba, matsayin da ya bari shi zai tarar.

4. Sha'anin harshe

A nan ne ilimin harshe yake da abin faɗi. A 1960 William Stokoe ya nuna a Amurka cewa maganar kurame harshe ce cikakkiya, mai ƙa'idodinta, kuma kowace alama ana iya rarraba ta zuwa siffar hannu, da wurin da aka yi ta, da motsinta, kamar yadda ake rarraba kalma zuwa baƙi da wasali. Kuramen ƙasar Hausa suna da nasu harshen, wanda ake kira maganar hannu ko maganar bebaye. Constanze Schmaling ta yi nazarinsa a Kano, ta buga littafinta mai suna Maganar Hannu a Hambug ta Jamus a 2000. Ta nuna harshe ne mai zaman kansa, wanda yara ke koya daga manyan kurame, masu ji da yawa kuma suna iya taɓa shi a kasuwa da wurin sana'a.

Makarantun kurame na Nijeriya kuwa sun gaji wata hanya dabam. Alamun da ake koyarwa a aji tushensu maganar hannun Amurka ce, wadda ta shigo ta hannun Foster da almajiransa, tana tafe da Turanci da harhaɗa haruffa da yatsu. Saboda haka a filin biki harsuna huɗu ke haɗuwa: Turancin jawabi, Hausar iyaye, alamun makaranta, da maganar hannun gida. Uba manomi daga Faskari yana jin Hausa, mai yiwuwa yana karanta ajami, yana kuma da 'yan alamun da suka saba da ɗansa tun yana ƙarami, na ci da sha da aike. Ɗan kuwa yanzu yana tunani da wani harshe, yana rubutu da Turanci. Suna iya zama kan benci ɗaya, kowa na murna, amma ɗan ba shi da hanyar gaya wa uban abin da yake so ya zama.

Matsalar makaho ta fi sauƙi ta wannan fuska, domin Hausarsa tana bakinsa. Tasa ita ce, rubutun da ya ƙware a kai, watau ɗige-ɗigen da Louis Braille ya tsara a Faransa, ba mai karanta shi a gida, takardar shaidar da za a miƙa masa kuwa shi kansa ba ya iya karanta ta.

5. Lokaci da hanya

Shekarar makaranta tana ƙarewa wajen Yuli, watau daidai lokacin da manomin Bakori ko Kafur ba shi da sukuni. Noma bai ƙare ba, kuɗi sun tafi wajen taki, hatsin bara ya ja baya a rumbu, sabo bai nuna ba. Kuɗin mota zuwa da dawowa, da barin gona kwana ɗaya ko biyu, ba ƙaramin abu ba ne a wannan wata. Uwa kuwa, wadda ta fi kowa sanin yaron, sau da yawa ita ake bari a gida. Mutanen da can sun fi ajiye manyan bukukuwansu sai kaka ta yi, hannu ya buɗe.

An kuma sami ƙarin nauyi saboda rashin tsaro a yammacin shiyyar. A Disamba 2020 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara, gwamnatin jihar ta rufe makarantun kwana na wani lokaci. Ɗalibi mai ji yana iya komawa makarantar jeka-ka-dawo ta garinsu. Kurma da makaho ba su da wannan mafita, domin tasu makarantar ɗaya ce. Duk wanda ya kai ƙarshen karatu a irin wannan hali, shi da iyayensa sun cancanci a shaida musu.

6. Abin da ya kamata a duba

Dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Janairu 2019, ta ba su haƙƙin ilimi kyauta har sakandare, ta kuma nemi ma'aikatun gwamnati su keɓe musu aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben aiki. Amma doka ba ta isa ta sa mutumin ƙauye ya ba kurma ɗinki ko ya ba shi 'yarsa. Wannan sai shaidar ido. Ga abin da al'adun nan biyu ke koyarwa.

Daga sauka, a ɗauki ƙa'idar cewa mai biki shi ke magana. Ɗalibi kurma ya tashi ya yi jawabi da hannu, tafinta ya juya shi zuwa Hausa, ba Turanci kaɗai ba. Makaho ya karanta shafi da yatsunsa a gaban jama'a. Wanda ya koyi ɗinki ko kafinta ko saƙa, a baza aikinsa a gani. Duk jawabin da babba zai yi, a sa tafinta inda 'yan aji za su gan shi sosai, a kuma taƙaita.

Daga saukar har wa yau, a ɗauki zagayen allo. Tun da yake ƙauye ba zai iya zuwa makaranta ba, sai shaidar ta je ƙauye. Shugaban makaranta ya rubuta takarda da Hausa zuwa ga hakimi da dagaci da limamin garin yaron, ya faɗi abin da ya koya da abin da zai iya yi. Idan kaka ta yi, iyaye su yi 'yar walima a ƙofar gida, a karanta takardar. Hakimai irin su Galadiman Katsina a Malumfashi da Sarkin Maska a Funtua, in suka ɗaure wa abin gindi, dagatai za su bi.

Daga yaye kuwa, a ɗauki shirya mai karɓa. Tun shekarar ƙarshe ba ta ƙare ba, a san wurin wa yaro zai koma, wane mai sana'a zai riƙe shi, waɗanne manyan kurame ke kusa da garinsu. A ba iyaye da ƙanne 'yan alamun da za su buɗe hira da su. Makaranta kuma kada ta raina maganar hannun gida, gama da ita ɗalibi zai yi ciniki a kasuwar Funtua ko ta Dandume.

Nauyin wannan duka yana komawa kan makarantun horon malamai. Malamin da za a tura makarantar kurame, in ya iya alamun aji kaɗai, ya iya rabin aikinsa. Masu nazarin Hausa su ma suna da nasu kason, domin aikin Schmaling a kan maganar hannun Kano ya tsaya, ta ƙauyukan kudancin Katsina kuwa tana da masu ita a kasuwanni da gonaki, kuma tattara ta da bayyana ƙa'idodinta aiki ne da ya dace da sashen Hausa kamar yadda nazarin Katsinanci ko Zazzaganci ya dace da shi.