Amsoshin Takardunku: Shin Wayar Lantarki Tana Iya Kai Intanet Shago?

Takardarmu ta wannan mako ta fito ne daga wani mai sauraronmu, mai sayar da hatsi da takin zamani. Ya ce yana da akwatin intanet, wato rauta, a cikin gida, amma kaurin katanga ya hana sakon isa shagonsa da ke kofar gida. An ce masa akwai wasu na'urori guda biyu da ake cusawa a soket, su kai intanet ta cikin wayar lantarki. Yana tambaya ko ya saya.

To Alhaji, wanda ya gaya maka bai yi karya ba. Sai dai kafin ka kwance bakin aljihu, ka san irin wayarin gidanka, domin a nan maganar take.

Ga yadda abin yake. Wutar da ke gidajenmu tana kai da komowa sau 50 a cikin dakika daya. Su kuma wadannan na'urori suna dora nasu sakon a kan wayar, mai kadawa sau miliyan 2 zuwa miliyan 30 a dakika. Kamar jaki ne da kayansa: wuta na tafiyarta, sako na bisa bayanta. Daya ana jona ta da rauta, dayar kuma a shago. Tsarin da ake kira HomePlug ya fito a 2001, aka inganta shi a 2005, aka kara a 2012. Ka lura, na'urar ba ta kirkiro intanet, dako kawai take yi. In babu data a rauta, babu abin da zai iso shago.

Yanzu sai mu duba gida-gida. Idan dakinka da shagon mita daya suke sha, kuma layi daya ne ya shigo gidan, to da wuya abin ya ki. Idan kuwa shagon yana da tasa mitar daban, kada ka sa rai, domin sakon yakan raunana ko ya yanke kafin ya tsallaka.

Akwai kuma manyan gidaje masu layi uku, wadanda masu gyaran wuta ke cewa fes uku. In soket din daki yana kan layi guda, na shago yana kan wani, sakon zai iya ketarawa, amma da rauni, sai ka ga abu na tafiyar hawainiya. Maganinsa shi ne mai gyara ya mayar da soket biyun kan layi daya.

Sai batun janareta da sola. In ka juya shago kan janareta alhali cikin gida yana kan wutar gari, ka raba hanya ke nan, sako ba zai wuce ba. Haka nan in soket daya yana bayan inbata, dayan kuma ba ya bayanta. Ranar da aka dauke wuta gaba daya kuwa, na'urorin su ma sun kwanta.

Tsohuwar waya da aka yi ta dauri da leda, ko gidan da ba a sa wayar kasa ba, su ma suna rage gudu. Kuma a cusa na'urar a soket na bango kai tsaye. Kada a bi da ita ta sitabilaiza ko abin jona wuta mai kariyar tsawa, domin suna tace sakon su zubar. Cajar waya ta arha ma tana kawo hayaniya in tana kusa.

Wani abu da ya shafe mu, mu masu rediyo: zangon da na'urar ke aiki a kai ya hada da gajeren zango, wato mita 49 da 31 da 19. Saboda haka mai sauraron labaran safe zai iya jin shuuu a akwatinsa. A matsar da rediyon nesa, ko a cire na'urar lokacin labarai.

A gidan haya mai mita daya kuma, a danna dan maballin da ke jikin kowace na'ura don su kulle sakonsu, kada makwabci ya sha maka data.

Shawarata, Alhaji, ka yi sharadi da mai sayarwa cewa za ka gwada, in ba ta yi ba ka mayar. In ta ki, a ja wayar intanet daga rauta zuwa shago, tana kaiwa mita 100 lafiya lau. Kuma don Allah kada kowa ya bude akwatin fis da kansa, a kira wanda ya san aikin. Wuta ba ta da aboki.

Sai mun ji daga gare ku. A huta lafiya.